Damagaram tana faɗi, amma wa take riƙewa?

Wanda ya daɗe bai shigo Damagaram ba, abin da zai fara ba shi mamaki tun kafin motarsa ta kai tasha shi ne yadda gari ya fito ya tarye shi a inda ya saba ganin gonakin hatsi. Ko ta hanyar Mirya ya shigo, ko ta Tanut, ko ta Magarya, ko kuma ta babbar hanyar da ta taso daga Yamai, abin da zai gani ɗaya ne: filaye da aka yanka aka kafa wa duwatsun iyaka, katangun bulo da aka ɗaga aka bari babu rufi, ɗaki guda a kusurwar fegi inda mai gadi ke zaune da iyalinsa, da yara masu tura kura cike da jarkoki. Daga wannan gani ne yawancinmu muke yanke hukuncin cewa ƙauye ya kwararo cikin birni, kuma jama'a sun yi wa gari yawa. Alƙaluman ƙidayar jama'a ba su goyi bayan wannan hukunci gaba ɗaya ba, kuma abin da suke nunawa ya fi shi ban tsoro.

A ƙidayar 1977 mutanen birnin Zinder, wato Damagaram, kusan 54,000 ne. A 1988 sun kai kusan 120,000, a 2001 sun ɗan haura 170,000, a 2012 kuma sun haura 235,000, ko sama da 320,000 idan aka haɗa da ƙauyukan da ke cikin gundumomi biyar na magajin garin. A dunƙule, gari ya ninka fiye da sau huɗu cikin shekara 35, abin da kowa zai kira bunƙasa. Amma idan aka rarraba shekarun, sai a ga cewa babban tsallen an yi shi ne tsakanin 1977 da 1988, lokacin da yawan jama'a ya fi ninki biyu cikin shekara 11 kacal, wato ƙarin sama da kashi 7 cikin ɗari a kowace shekara. Waɗannan su ne shekarun da suka biyo bayan farin 1973 zuwa 1974, kuma a cikinsu ne aka yi yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutanenmu suka laƙaba wa sunan El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi. Makiyayan da dabbobinsu suka ƙare da manoman da rumbunansu suka bushe ne suka cika gari a wancan lokaci. Daga 1988 zuwa 2012 kuwa, ƙarin da birnin ke samu bai wuce kashi 3 cikin ɗari a shekara ba, alhali ƙasar Nijar gaba ɗaya tana ƙaruwa da kashi 3.9 tsakanin 2001 da 2012.

Sai a dubi jihar da birnin ke shugabanta. A 2001 jihar Damagaram tana da mutum miliyan 2 da 'yan kai, a 2012 ta haura miliyan 3 da rabi, ta zama jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Nijar. Ko an yi ragi saboda kurakuran da ba a rasa su a aikin ƙidaya, tazarar tana da girma: jiha ta ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari, birninta bai kai kashi 40 ba. A cikin mutum goma na jihar, ko ɗaya bai cika ba a babban birni. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Maraɗi, wadda a 1977 ba ta kai Damagaram ba, ta wuce ta da mutum sama da 267,000, ta karɓe matsayin birni na biyu. Garin da haihuwa kaɗai za ta iya ƙara masa kusan kashi 3 cikin ɗari a shekara, sannan ƙarin da yake samu bai wuce hakan ba duk da baƙin da ke shigowa kullum, gari ne da mutane ke fita daga cikinsa kusan gwargwadon yadda suke shiga. Damagaram tana karɓar jama'a, tana ciyar da su na ɗan lokaci, sannan ta miƙa su Kano, Yamai, Agadas, Libiya da Aljeriya. Ambaliyar mutanen da muke kuka da ita ba ta ma iso ba tukuna, tana can kwance a Magarya, Matamai da Mirya.

Dalilin da ya sa gari ke kasa riƙe mutanensa yana da tushe mai nisa. Tun asali Damagaram gari biyu ce a haɗe: Birni, inda fada da masallaci da ganuwa suke, da Zango, inda ayarin raƙuma ke sauka kuma fatake ke zaune. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, arzikin garin ya tsaya ne a kan kasancewarsa mahaɗa tsakanin Kano da Borno a kudu da gabas, da Ayar, Gat, Gadamus da Tarabulus a arewa. Fatu da gashin jimina da bayi suna hawa arewa, tufafi da bindigogi da takarda suna saukowa. Wannan hanya ta mutu cikin 'yan shekaru kaɗan: Faransawa suka ci garin a 1899, Italiya ta kama Tarabulus a 1911, jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Kano da Legas a 1912, kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ɗauka suka koma bin teku. Abin da ya ɗan riƙe garin shi ne zamansa hedikwatar mulkin mallaka daga 1911, sai dai a 1926 aka mayar da hedikwatar Yamai. Dalilan da aka fi ambata guda biyu ne, ƙarancin ruwa da kuma kusancin Damagaram da Kano da ke hannun Ingilishi, wanda Faransawa ba su taɓa sakin jiki da shi ba. Kusan shekara ɗari ke nan, kuma waɗannan abubuwa biyu, ruwa da Kano, su ne har gobe ke yanke wa garin hukunci.

Gyaɗa ce ta sake tayar da yankin. Har zuwa farkon shekarun 1970 ita ce kan gaba a kayan da Nijar ke fitarwa, kuma kudancin Damagaram da Maraɗi ne ke noma ta. An kafa kamfanin SONARA a 1962 domin saye da fitar da ita, akwai masana'antun matse mai a Matamai da Magarya, akwai ta sarrafa hatsi ta SOTRAMIL a cikin Zinder, ga majemar fata. Lokacin kaka kuɗi na shiga hannun manomi, daga hannunsa ya wuce ga tela, maƙeri, baduku, mahauci da mai mota. Fari da cutar da ta afka wa gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970 suka karya wannan tsari, a daidai lokacin da yuraniyom na Arlit ya zama abin dogaron gwamnati, hankalin hukuma ya koma arewa da Yamai. Ke nan mutane sun cika garin ne a cikin shekarun da abin da zai ba su aiki yake rushewa. A ƙasashen da biranensu suka yi arziki, masana'anta ce ke kiran ma'aikaci ya bar gona, a nan kuwa yunwa ce ta koro shi, ya tarar da ƙofar masana'antar tana rufewa.

Game da yawan jama'ar kanta, ana yawan magana kamar mutane sun ƙara haihuwa ne fiye da iyayensu. Babban abin da ya sauya shi ne mutuwar yara. Binciken lafiya da yawan jama'a na 1992 ya nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 318 ba sa kai shekara biyar. A 2006 adadin ya sauko zuwa 198, a 2012 zuwa 127. Allurar rigakafin ƙyanda, gidan sauro, ƙananan ɗakunan shan magani na karkara, da matakin da aka ɗauka a 2006 na duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, su suka yi wannan aiki. Uwar da a da za ta haifi takwas ta binne uku, yanzu tana haihuwar takwas ta raini bakwai, kuma wannan alheri ne da babu mai hankalin da zai yi kuka da shi. Sai dai haihuwa ba ta sauko tare da mutuwa ba. Binciken 2012 ya sa matsakaicin haihuwar mace a Nijar a kan 7.6, na jihar Damagaram kuma 8.5, wanda ya fi na kowace jiha. Wani binciken na 2021 ya nuna adadin ƙasa ya sauko zuwa 6.2, amma saukar ba za ta taɓa waɗanda aka riga aka haifa ba. Fiye da rabin jama'ar 2012 ba su kai shekara 15 ba, kuma ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna cewa a jihar Damagaram kaɗai, matasa sama da 100,000 ne ke kai shekarun neman na kansu a kowace shekara. Yaron da aka ƙirga yana goye a 2012, yau ya kusa fara tambayar inda zai sami aiki.

Yawancin waɗannan matasa suna kudu, a yankin Magarya, Matamai da Mirya, inda a wurare da dama mutum sama da 100 ke zaune a kan murabba'in kilomita guda, a ƙasar da damina ɗaya ce tak a shekara. Gonar da kaka ya nome shi kaɗai an raba ta tsakanin 'ya'ya, an sake raba ta tsakanin jikoki, har ta kai abin da magidanci ke girbewa ba ya kai shi watanni shida. Hutar da gona ya zama tarihi. Ya kamata a yi wa manoman wannan yanki adalci, domin ba su zauna sun naɗe hannu ba: tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka shiga barin tohon itatuwa a gonakinsu, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya taki ƙasa, ya ba dabbobi abinci da rani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 ta wannan hanya, kuma inda jama'a suka fi yawa nan ne itatuwan suka fi yawa. Ga rake da kayan lambu na fadamu, ga riɗi da wake da ake kaiwa Najeriya. Wannan ƙoƙari ya jinkirta ranar da ƙasa za ta gaza, amma gawo ba ya ƙara wa gona faɗi.

Saboda haka cin rani ya zama wani ɓangare na noman kansa. Da an ɗaure damman hatsi, samari sun kama hanya, kuma kuɗin da suke aikowa ne ke cike giɓin rumbu. Abin da ya girgiza mutane shi ne lokacin da mata da yara suka shiga wannan hanya. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito. Kance ba ta da nisa da Zinder, tafiyar sa'a ɗaya zuwa biyu ce a mota. Matar da ta ɗauki 'ya'yanta ta ratsa ta cikin babban birnin jiharta, ta wuce shi, ta nufi Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya domin yin bara, ta riga ta auna abin da birnin zai iya ba ta ta ga bai kai ba. Babu wani rahoton tattalin arziki da ya faɗi halin Damagaram ƙarara kamar wannan zaɓi nata.

To idan gari ba ya riƙe mutane sosai, me ya sa yake faɗi haka? Amsar tana cikin sha'anin filaye. Ma'aikatar magajin gari a Nijar ba ta da hanyoyin samun kuɗi masu yawa, harajin kasuwa da na kai ba sa taka kara su karya, abin da gwamnatin tsakiya ke turowa kuma ba ya isa. Hanya mafi sauri ita ce a yanka gonakin bakin gari a mayar da su fegi, a ba masu gonar wani kaso, a sayar da sauran. Ita kanta gwamnati ta taɓa biyan ma'aikatanta bashin albashi da filaye a farkon shekarun 2000. A ɗaya ɓangaren kuma, ɗan kasuwa, ma'aikaci da wanda ke aiko kuɗi daga waje duk sun san cewa fili ne ajiyar da ba ta ruɓewa, ba ta mutuwa da fari kamar saniya, ba ta faɗuwa kamar naira, kuma ba a karya darajarta dare ɗaya kamar yadda aka yi wa sefa a Janairun 1994. Sai ya zama ana sayen fegi domin ajiya, mutum guda ya riƙe biyar ko goma, ya kewaye ɗaya ya bar saura. Gari yana miƙewa a ƙasa fiye da yadda yake ƙaruwa a mutane, kuma kowace kilomita da ya ƙara tana nufin ƙarin bututun ruwa, turakun wuta, hanya da magudana ga gidaje 'yan kaɗan da ke warwatse. Kuɗin fegin an kashe shi tun shekarar da aka sayar, nauyin kai wa unguwar ruwa da makaranta kuwa yana nan har abada. Shi kuma manomin da aka yanka gonarsa, sau da yawa yana sayar da kasonsa cikin shekara biyu ko uku, ya yi aure ko ya sayi babur, daga nan ya zama ɗan birni marar gona kuma marar sana'a ba tare da ya gusa daga inda aka haife shi ba.

Ruwa shi ne inda wannan faɗi ke cin karo da dutse, kuma dutse na gaske. Manyan duwatsun da ke ƙawata Birni su ne kan wani shimfiɗaɗɗen falalen dutse da garin ke zaune a kai, wanda ba ya ajiye ruwa a ƙarƙashinsa sai a 'yan tsage-tsage. Shi ya sa rijiyar da za ta wadatar da unguwa a wani gari ba ta yin komai a nan, dole sai an jawo ruwa daga nesa: daga Gogo da Macaya a kudu, inda ruwan ƙasa ke dogara da abin da damina ta zubar, sannan daga Arunguza da Ganaram a arewa, ta bututu mai tsawon kilomitoci da dama da injinan da ke buƙatar wutar lantarki. Duk lokacin da aka kammala sabon aiki ana samun sauƙi na 'yan shekaru, sannan yawan jama'a ya cim masa, domin garin da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari yana ninkawa cikin kusan shekara 24, kuma aikin ruwa daga tsarawa zuwa samun kuɗi zuwa kammalawa yana iya cinye kashi ɗaya cikin uku na wannan lokaci. Da bazara, daga Maris zuwa saukar ruwan sama, akwai unguwannin da famfo ke zuwa da tsakar dare kawai, akwai waɗanda ba ya zuwa sam. A nan ne 'yan ga-ruwa ke zama hukumar ruwa ta gaskiya, kuma a nan ne rashin adalcin ke fitowa fili, domin talakan bakin gari da ke sayen jarka yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da mai famfo a tsakar gida ke biya a kan lita guda. 'Yan matan da ya kamata su kasance a aji su ne ke bin layi.

Abin da ba a cika haɗawa da wannan ba shi ne aikin yi. Jima, matse mai, yanka da adana nama, sarrafa madara, yin bulo, rini, duk sana'o'in da suka dace da abin da jihar ke da shi, ruwa suke sha. Mai kuɗin da ke tunanin inda zai kafa ƙaramar masana'anta zai tambayi ruwa da wuta kafin ya tambayi haraji, kuma amsar da Damagaram ke ba shi ita ce ta sa fata ke tafiya Kano ɗanya, dabba ke tafiya da ƙafarta, riɗi ke tafiya a buhu, aikin sarrafa su ya zama na wasu. Sannan dutsen da ya hana gari ruwa da rani shi ne ke hana ƙasa shanye shi da damina. Tafkuna da kududdufan da ke tare ruwan sama an cike wasu an yi gini a kai, hanyoyin ruwa an yanka su fegi. A daminar 2024, wadda ta yi ɓarnar da ta sa aka ɗage komawa makaranta a faɗin ƙasa zuwa ƙarshen Oktoba, tsohon masallacin Birni da aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe a farkon Satumba.

An sa rai sosai a kan man fetur. A Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ a kusan kilomita 50 arewa da gari, mai tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem, kashi 60 na kamfanin CNPC na ƙasar Sin, kashi 40 na gwamnatin Nijar. Matatar ta yi amfani, ta sa ƙasar ta daina dogara kacokan da man waje, ta kawo gas na girki, ta samar wa masu tankoki aiki. Amma matata inji ce mai cin jari, ma'aikatanta da ɗaruruwa ake ƙirga su, kuma mafi yawan guraben na masu takardar ƙwarewa ne. A auna wannan da matasa 100,000 na kowace shekara. Tarzomar da ta ɓarke a gari 'yan kwanaki bayan bikin buɗewar ta nuna tun da wuri cewa abin da aka sa wa rai da abin da ya samu ba su yi daidai ba. Daga baya ma, babban bututun da ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024 ya nufi gaɓar tekun Benin ne, tafiyar kusan kilomita 2,000.

Man da ya fi ba matasan Damagaram aiki shi ne na kwalba, wanda ake kira ruwa-ruwa. Shekara da shekaru tallafin da gwamnatin Najeriya ke sa wa fetur ya sa man da aka tsallako da shi ta ɓarauniyar hanya ya fi na gidan mai araha, har a garin da matata ke bayansa. Mai ɗaukowa, mai ajiyewa, mai zubawa a bakin titi, da dubban 'yan kabu-kabu da ke sha, duk a kansa suke ci. A ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban Najeriya ya sanar da cire tallafin, ribar ta narke. Bayan wata biyu aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta katse wutar da take bayarwa, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke amfani da shi, har zuwa farkon 2024. Kafin nan an sha rufewar Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Kano tana da nisan kusan kilomita 240 daga Zinder, Yamai kusan 900, kuma duk wanda ya san Kasuwar Dole ya san daga wace kusurwa kaya da farashi ke fitowa. Sana'ar da yawancin matasan gari ke ci da ita tana rataye ne da shawarar da ake yankewa a Abuja ko a Yamai, inda ba a tambayar ra'ayinsu.

A cikin wannan yanayi ne ƙungiyoyin samari da ake kira pale suka yi suna, musamman a Kara-Kara, unguwar da tun farko aka keɓe wa masu fama da kuturta da sauran waɗanda gari ya ture gefe. An yi ta bayyana su a matsayin matsalar tarbiyya, kuma ba a musun cewa an yi ta'asa. Amma wanda ya dubi abin da suke yi da rana zai tarar da masu fasa dutse, masu dakon mai, masu gadi da 'yan kabu-kabu, wato mutanen da ke aiki mai tsanani wanda ba ya tara komai. Rashin aikin Damagaram ba zaman banza ba ne, domin talaka ba shi da halin zama. Mutum goma ne ke raba cinikin da mutum biyu za su iya yi, kowa ya tashi da abin da zai ci yau, babu mai rarar da zai sayi inji ko ya ɗauki yaro aiki. Shirin Zinder Sabuwa na bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamban 2018 ya kawo kwalta da fitilu da gine-gine, gari ya yi kyau, sai dai aikin gini yana ƙarewa ranar da aka yanke ƙyalle.

Muhawarar tsarin iyali ita ce ta fi ɗaukar zafi, kuma a ganina ita ce aka fi yi a bisa kuskuren fahimta daga ɓangarorin biyu. Masu ba da tallafi daga waje sukan yi magana kamar rashin magani ne ke sa mata haihuwa, alhali a binciken 2012 matan da kansu sun ce adadin 'ya'yan da suke so ya haura tara, fiye da abin da suke haifa. A inda babu fansho, babu inshora, kuma hannu ne jarin gona, mai 'ya'ya da yawa lissafi yake yi, kuma lissafinsa daidai ne a gidansa ko da ya zama nauyi ga gari. Masu cewa kowane baki da abincinsa kuma sukan manta cewa addinin da suke kafa hujja da shi ya ɗora wa uba ciyarwa, tufatarwa da ilmantarwa, kuma malamai da dama sun yarda da ba da tazara domin lafiyar uwa da ɗa. A jihar nan ne aka fara makarantun mazaje a ƙarshen shekarun 2000, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, tsarin da wasu ƙasashe suka ara daga baya. Abin da alƙaluma suka nuna ba tare da gardama ba shi ne cewa a 2012 macen birni tana haihuwar 5.6, ta karkara 8.1, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na 'yan matan ƙasar ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da ta kai sakandare tana jinkirta aure da kanta ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba. Amma uban da ke ganin ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder suna kammala karatu suna komawa kabu-kabu, kuma ajin 'yarsa rumfar zana ce da ba a kafawa sai an gama girbi an sami kara, yana da hujjar tambayar amfanin shekarun da za ta ɓata. Darajar makaranta a idon iyaye tana bin aikin da ke bayanta, aikin kuma yana bin ruwa, wuta da hanya.

Hanyar ma tana neman kauce wa garin. Layin dogon da Najeriya ta aza harsashinsa a 2021 ya tashi daga Kano ya bi ta Daura, Katsina da Jibiya, ya ƙare a Maraɗi. Daura ƙofar Damagaram ce tun zamanin fatake, ta Matamai ake gangara mata, amma ba ta nan layin zai ƙetare iyaka ba. Idan ya fara aiki, kayan da ke shigowa daga tashoshin ruwan Najeriya za su sauka ne a garin da ya riga ya ƙwace wa Zinder matsayi na biyu, kuma ɗan kasuwar Zango zai yi lissafin ko ya ci gaba da zama ko ya buɗe rumbunsa a can. A 1912 jirgin ƙasa ya tsaya a Kano, ayarin raƙuman Zango ya watse cikin 'yan shekaru, wannan karon a Maraɗi zai tsaya.